Rumbun Littattafai Na Kambirij

Kambirij wani tsohon gari ne a ƙasar Ingila, wajen mil 60 arewa da Landan. In mutum ya shiga jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa ɗaya ce. Garin ba shi da girma ƙwarai, amma sunansa ya kai ko'ina saboda jami'arsa, wadda ta samo asali tun shekarar 1209. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, don haka tun daga nesa matafiyi ya kan hango wata doguwar hasumiya ta jan tubali. Ita ce hasumiyar babban laburaren jami'ar, can kuwa muka nufa.

Muka haye kogin Kam ta wata 'yar gada a bayan kolejoji, muka ratsa ta cikin itatuwa, sai ga mu a ƙofar gidan. Hasumiyar hawa 17 ce, tsawonta ƙafa 157. Wani gwanin tsara gini mai suna Giles Gilbert Scott ne ya tsara gidan, Sarki Joji na Biyar kuwa ya buɗe shi a 1934. Amma laburaren ya girmi wannan gini nesa ba kusa ba. Tun a 1416 a ke ambatonsa, kuma jerin sunayen littattafansa na 1424 ya nuna 122 kaɗai ke nan. A 1715 Sarki Joji na Ɗaya ya sayi littattafan wani bishop, John Moore, wajen 30,000, ya ba jami'ar kyauta. Yau abin da ke ajiye ya wuce miliyan 8. Da yayyafi kogi kan cika.

Yaya aka yi suka taru haka? Akwai wata doka ta ƙasar, tun 1710, wadda ta ba wannan laburare ikon karɓar kwafi ɗaya na kowane littafin da aka buga a Birtaniya, ba tare da biyan ko kwabo ba. Laburare shida ne ke da irin wannan iko yanzu, tun 2013 kuwa dokar ta haɗa har da abin da a ke bugawa ta intanet. Da wuri ya ƙare, sai aka gina wani katafaren sito a garin Ili, can arewa kaɗan, aka buɗe shi a 2018. In aka jera kantocinsa baki da baki za su kai mil 65.

To, me ke cikin hasumiyar? Ba manyan littattafan shaihunnan malamai ba ne. Su ne waɗanda malaman dā suka raina: labaran hira, littattafan yara, na koyon girki, na wasanni. Doka ce ta kawo su, ba a kuwa zubar da su ba, aka dai kai su sama aka ajiye. Yanzu ga shi masu bincike suna nemansu ido rufe, gama a cikinsu ne a ke gane abin da talakawan wancan zamani suka ci, da abin da suka koya wa 'ya'yansu. Wannan shi ne babban abin da muka gani a gidan nan: abin da wani zamani ya ɗauka shara ne, wani zamani ya kan tarar dukiya ce.

Ba inda wannan ya fi fitowa fili kamar a labarin takardun Alƙahira. Bisa ga al'adar Yahudawa, ba a yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah. In ta tsufa sai a sa ta a wani ɗaki da su ke kira geniza. A wata majami'a ta tsohuwar Alƙahira, mai suna Ben Ezra, an yi ta zuba takardu a irin wannan ɗaki har shekara wajen dubu. A 1896 waɗansu tagwayen mata 'yan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka komo daga Masar da 'yan guntayen takardu, suka nuna wa wani malamin Kambirij, Solomon Schechter. Da ya gane darajarsu sai ya tashi takanas ya tafi Alƙahira, shugabannin majami'ar suka yardar masa, ya kwaso guntaye kimanin 193,000.

Da aka zauna dubawa, ashe ba littattafan addini kaɗai ba ne. Akwai takardun aure, da wasiƙun fatake masu zuwa Indiya, da takardun magani, har da rubutun yara masu koyon baƙaƙe. Da yawa cikinsu Larabci ne aka rubuta da baƙaƙen Ibraniyanci, kamar dai yadda a ke rubuta Hausa da ajami. Fiye da shekara ɗari ke nan ana aikin karanta su, har wa yau ba a gama ba.

Akwai kuma tsofaffin kwafe-kwafen Littafi Mai Tsarki. Ɗaya ana kiransa Kodes Beza, an rubuta shi da hannu a kan fata wajen shekara ta 400 bayan haihuwar Almasihu. Yana ɗauke da Linjila huɗu da Ayyukan Manzanni, Helenanci a shafin hagu, Latin a na dama. Theodore Beza, wanda ya gaji John Calvin a Janiba, shi ya ba jami'ar a 1581. Akwai wata 'yar takarda kuma daga Masar, Takardar Nash, mai ɗauke da Dokoki Goma da Ibraniyanci. An rubuta ta fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Almasihu. Kafin a gano littattafan Tekun Gishiri a 1947, ba a san wani rubutun Attaura na Ibraniyanci da ya girme ta ba.

Harshenmu ma yana da wurinsa a nan. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1804, ta kawo littattafanta ajiya a wannan gida a wajen 1985. Sun kai 39,000, cikin harsuna fiye da 2,000, Hausa kuwa tana ciki. Wannan ƙungiya ce ta buga Sabon Alkawari na Hausa a 1880, fassarar J. F. Schön, wanda ya ƙara sanin Hausa a bakin Dorugu, yaron nan da ya bi Barth zuwa Turai. Ita ce kuma ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, wanda Likita Mila na Zariya ya sha aikinsa. Banda wannan, a Kambirij ne Charles Robinson, bayan ya komo daga Kano, ya zama malamin Hausa a 1896, maɗaba'ar jami'ar kuma ta buga ƙamus ɗinsa.

Kada mai karatu ya zaci wurin ajiya ne kawai, a kulle a tafi. Littattafai wajen miliyan 2 suna kan kantoci a buɗe, mai karatu ya kan je da kansa ya ɗauko. Malamai da ɗaliban jami'ar suna iya aro su tafi da shi gida. Baƙo mai bincike ya kan nemi katin shiga. Akwai ɗakin taswira daban, da na kiɗa, da na rubutun hannu. A wannan na ƙarshe ba a yarda da biro ba, sai fensir, don kada tawada ta ɓata abin da ba shi da na biyu. Akwai masu sana'ar gyaran takarda, su ne ke ɗinke abin da ya yage. An kuma ɗauki hoton dubban shafuffuka an sa a intanet kyauta, har da Kodes Beza da littattafan rubutun Isaac Newton, yadda mai waya a hannu zai iya dubawa daga ɗakinsa.

Da muka fito, sai muka tuna da namu gidaje. Akwai tsohon littafin waƙoƙi na kaka, da katin baftisma, da wasiƙun da baba ya aiko daga wurin aiki, da littafin rajistar ikkilisiya mai sunayen masu bi na fari. Gara tana ci, ɗigon ruwa yana ɓatawa, waɗansu kuma sun ƙare a hannun mai ƙosai. Ba sai mun gina hasumiya ba. Akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi a kan kanta nesa da ƙasa, a riƙa buɗewa ana kakkaɓewa, ya isa. A rubuta sunan mai abin da shekara tun masu sani suna da rai. Jikokinmu za su tambaya, da tsohuwar zuma kuwa a ke magani.