Miyar Tailan a Turmin Kaka

Babu gidan da ke cikin ganuwar Zariya da bai san sunan Tailan ba. Ku tambayi kowace tsohuwa daga Kwarbai har Limancin Kona, za ta ce muku ai shinkafa ce, 'yar waje, mai doguwar ƙwaya, wadda ba a zaman tsince mata tsakuwa. Shekara da shekaru ana sauke buhunanta a gidajen biki da na suna, har zuwa watan Agustan 2019 da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa aka koma lallaɓa 'yar gida. Amma duk tsawon lokacin nan ban taɓa jin wanda ya tambayi da wace irin miya mutanen can suke cin tasu shinkafar ba. Mun karɓi shinkafa, mun bar musu miya.

Ni ma ba neman ta na fita ba. Akanta nake karantawa, ba girki ba. Da muka gama shekarar farko aka tura mu aikin koyon sana'a na wata huɗu, sai na samu gurbi a ofishin kuɗi na wani otal a Kaduna. Aikina duk Juma'a shi ne in shiga sito in ƙirga kaya in rubuta. A nan na fara ganin wani dattijon kuku yana haɗa wa baƙi wata miyar kaza mai ruwan ƙasa-ƙasa, wadda ƙamshinta ke bin mutum har bakin titi. Minti talatin ya sauke. Gwangwanin madarar kwakwa yake fasawa, ya ɗebi haɗin kayan yaji daga wata 'yar kwalba da aka shigo da ita daga waje. Ni ce mai rubuta kuɗin kwalbar nan a littafi, don haka na san ba ta gidanmu ba ce. Wata rana dai na juya bayanta na karanta abin da ke ciki: busasshen barkono, albasa, tafarnuwa, kirfa, kanumfari, da wata saiwa 'yar uwar citta. Na ce ikon Allah, ai kwandon kayan yajin Kakata ne aka zuba a kwalba aka yi masa tambari.

Duk wanda ke ajin ƙarshe ya san abin da ke gabanmu. Kafin a ba ka gurbin babbar difloma sai ka yi shekara guda ta aikin ƙwarewa, kuma a shekarar nan ce da yawa daga cikinmu, musamman mata, suke ɓacewa daga karatu. Baba tsohon malamin firamare ne, fansho yake jira duk wata, ga ƙannena uku a sakandare. Bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Uwata, wannan da kike kai zan iya kai ki ƙarshenta. Ta gaba kuwa sai abin da Allah ya yi." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci.

Sai na zauna na yi lissafi. Sana'ar abinci daga cikin gida ba baƙuwa ba ce a birni. A lungunmu kaɗai akwai mai waina, akwai mai ɗanwake, akwai masu alala har biyu. In na shiga layinsu, cinikin maƙwabta zan raba, kuma in jawo gaba. Abin da zai fisshe ni shi ne abin da ba kowa ke yi ba, wanda za a yi oda a zo a ɗauka, ba talla ba tsayuwa a titi. Da na durƙusa na gaya wa Baba, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ki dafa. In Hajiya ta ci ta yarda, na yarda."

Wanda bai san gidanmu ba zai ɗauka sassauci aka yi mini. Hajiya Kaka ce mai turmin gidan, mai babbar tukunya, kuma ita ce mai maganar ƙarshe a kan duk abin da aka ɗora a murhu. Matar da har yau take kiran taliyar leda "abincin marasa uwa".

Tambayarta ta farko ba ta ɗanɗano ba ce. Ta ce, "Ke kishiya, abincin su wa za ki kawo mini gida? Suna salla?" Allah ya taimake ni na riga na bincika. Yawancin mutanen Tailan mabiya addinin Buda ne, amma a kudancin ƙasar, wajajen Pattani da Yala da Narathiwat, Musulmi ne suka fi yawa. Ita kuma wannan miyar, Masaman ake kiranta, kuma masana da dama sun ce sunan daga kalmar "Musulman" ya fito, wato Musulmi, don fatake Musulmi ne daga Farisa da Indiya suka kai kayan ƙamshinta tsohuwar daular Ayuttaya a wajajen ƙarni na 17. Shi ya sa take da kirfa da kanumfari, waɗanda sauran miyoyin ƙasar ba su cika damuwa da su ba, kuma da kaza ko naman sa aka fi yin ta. A 2011 ma CNN ta sa ta a lamba ɗaya cikin jerin abinci 50 mafiya daɗi a duniya. Wannan na ƙarshen bai dame ta ba ko kaɗan. Da ta ji fatake ne dai ta gyara zama, ta ce to fatake sun san ci.

Yanzu bari in gaya muku yadda nake yi, don na san wasunku shafin nan kawai za su yaga su ajiye.

Ranta yana cikin kwakwa. Manya biyu nake saye, a fasa, a kankare bayan, a gurza ko a markaɗa. Sai a zuba ruwan ɗumi kofi ɗaya a murza sosai a tace da ƙyalle mai tsabta. Wannan tatsar farko ce, mai kauri, a ajiye ta daban. A sake zuba ruwa kofi biyu a kan dusar a tace, ta biyu ke nan. Kada a haɗa su, kowace da aikinta.

Sai daka. Busasshen tattasai da ɗan barkono a jiƙa su a ruwan zafi su yi laushi. Kirfa, kanumfari huɗu ko biyar da masoro a ɗan gasa su a busasshiyar tukunya har ƙamshi ya tashi. A zuba duka a turmi da albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta, da farin gindin ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke jefawa a shayi. Su can suna sa wani ruɓaɓɓen haɗin jatan lande don ya ba miya nauyi. Na daɗe ina tunanin abin da zai tsaya a madadinsa, sai na ga ai mu ma muna da namu abin da aka bari ya kwana ya yi wari don miya ta yi daɗi: daddawa. Rabin ƙulli ya isa, kada ta danne kwakwar.

Wurin da ya fi burge ni shi ne ba a zuba mai ko cokali ɗaya. Tatsar farkon nan za a ɗora a wuta ana juyawa, tana tafasa tana ƙafewa, har ta fara fitar da manta da kanta, ya taso yana ƙyalli a gefe. A cikin man nan ake soya dakakken haɗin. In kuka ga jan mai ya rabu ya hau sama, ƙamshi ya kai zaure, to ya yi. Sai kaza, a juya ta ta sha haɗin, sannan tatsa ta biyu, dankalin Turawa yankan manya, albasa, da soyayyiyar gyaɗa cikin tafin hannu biyu. A rage wuta. In dankali ya yi laushi a zuba ruwan tsamiya, gishiri, da ɗan gutsuren mazarƙwaila.

Masu cewa girkin sauri ne ba su yi ƙarya ba, amma ba su faɗi wa ya yi wahalar ba. A otal gwangwani ne ya yi ta. A gidanmu, daga ɗora tukunya zuwa saukewa minti arba'in ne in kazar gidan gona ce. Kazar Hausa kuwa sai an fara dafa ta daban, in ba haka ba dankali zai narke tana nan da taurinta. Amma kafin a kai ga tukunya akwai zuwa kasuwa, akwai jiran masu yanka da fiɗa, akwai gurzar kwakwa in an ɗauke wuta, wadda ke cinye fatar yatsu. Abin da na gano shi ne dakan yaji na yin kwanaki in an soya shi an rufe, don haka ranar Alhamis nake daka na mako.

Mazarƙwailar nan ce ta kusa rusa komai. Kaka na zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno tana lura, da ta ga na jefa ta a tukunya sai ta saki salati. "Zaƙi a miya? Kunu kike dama mana?" Inna ta sunkuyar da kai, Goggo ta fara dariya. Na ce, "Hajiya, in kin yi taushe, me kabewa take kawowa?" Ta yi shiru. "Yakuwa fa?" Ta ce tsami. "Gyaɗa kuma?" Ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, bakinki ya fi hannunki." Amma gaskiyar ke nan. Zaƙi da tsami da maiƙon gyaɗa da yaji a tukunya ɗaya, mun daɗe muna cin su da waina ranar salla. Su da sukarin kwakwa ko na giginya irin tasu suke samun zaƙin, mu ga rake a Maƙarfi, ga citta daga Kachiya, ga dankali daga Jos, ga tsamiya a bayan gida. Barkonon ma da suke taƙama da shi ba nasu ba ne tun asali, Turawan Fotugal ne suka kai musu daga nahiyar Amurka.

Da na zuba mata a kan farar shinkafa, ta ci loma uku ba magana. Sai ta ce a miƙo mata ragowar tuwon shinkafar jiya. Ta gutsura ta dangwala ta ci, ta sake dangwalawa. Ta ce, "Da tuwo ta fi. Su ba su sani ba." Da Baba ya dawo daga masallaci bayan isha ya leƙa ɗakinta gaisuwa, ina jin ta daga tsakar gida tana cewa, "Bar yarinyar nan ta yi abinta. Amma ta rage kanumfari."

Na rage. Yau mako bakwai ke nan ina yi duk Asabar, roba goma sha biyu, wani lokaci sha biyar, yawanci 'yan ajinmu da matan wasu malamai. Sharaɗin Baba biyu ne: ƙanina ne zai riƙa kaiwa, kuma ranar da sakamakon jarrabawa ya nuna girki ya taɓa karatu, an rufe. Ribar ba ta da yawa. Citta kaɗai ta isa ta sa mutum kuka tun da cutar nan ta 2023 ta cinye gonakinta a kudancin Kaduna, kuɗin kaza kuma kowa ya sani. Ina da littafi mai layi biyu, shiga da fita, irin yadda aka koya mana a aji, kuma abin da ya taru zuwa yanzu ya kusa kuɗin fom da na rajistar farko.

Akwai layi ɗaya a ɓangaren fita da ban san sunan da malaminmu zai ba shi ba. Kaka ta ce turminta ba na aro ba ne, haya ne. Kuɗin hayar kuwa cinya ɗaya duk Asabar, da miya a kwanonta na sha, kuma da tuwo.