Rediyon Baba

Ranar kasuwar Dambatta na kai wa mai gyara tsohuwar rediyon Baba, National Panasonic, wadda ruwan batir ya cinye wa ciki. Ya kankare tsatsar, ya ɗiga dalma, sai ga shuuu ɗin gajeren zango, kamar iskar hunturu cikin karan gero. Cikin wannan ƙarar Baba, Allah ya jiƙansa, yake laluben BBC Hausa, wadda ke magana tun 1957, yana murɗa maɓalli sannu-sannu, maƙwabta sun yi tsit a kan tabarma. A lokacin, labarin duniya sai an saurara masa, an jira shi. Da dare na kunna ta a zaure, na daɗe hannuna yana kan inda yatsan Baba ya goge fentin.