Zargin da na ɗora wa Auta

Na zargi ƙanwata Auta da cin kuɗin mahaifiyarmu, kuma a gaban dangi na yi, ranar da muka taru gaisuwar Sallah. Ban taɓa zaluntar wani mahaluki kamar yadda na zalunce ta a ranar ba.

Abin ya faro wa Inna da kaɗan-kaɗan. Ta ɗora tukunya ta manta. Ta idar da La'asar ta sake tayar da ita. Ta tambaye ka lafiyar yara, kafin ka kurɓi ruwa ta maimaita. Duk muka ce rikicin tsufa ne. Auta kuwa aurenta ya mutu ta dawo gida, sai jinya ta faɗa kanta ba tare da an zauna an yanke ba. Mu maza muna aiko da kuɗi ƙarshen wata, muna ganin mun sauke nauyi.

Sai Inna ta fara kirana tana kuka, wai kuɗin da na aiko an kwashe, 'yan kunnenta na gwal ma babu, kuma Auta ce. Uwa ce ke magana, muryarta garau. Ban tambayi kowa ba, na ajiye abin a raina har ya ruɓe, na zo na amayar da shi a tsakar gida. Auta na riƙe da kwanon abincin Inna, ta dube ni ta ce, "Yaya, ni ce zan ci kuɗin Inna?" Ba ta ƙara ko kalma ba. Ta shiga ɗaki ta ci gaba da ba ta abinci.

Da aka zo kwashe kayan ɗakin Inna don gyaran rufi kafin damina, aka ga kuɗin ƙulli-ƙulli cikin tsummoki, wasu a ƙasan adaka, wasu cikin tsofaffin kwalla. 'Yan kunnen suna cikin gwangwanin man shafawa.

Sai a lokacin muka kai Inna asibitin ƙwaƙwalwa, wanda muka daɗe muna gudu don kada a ce mun kai uwarmu gidan mahaukata. Wannan kunyar banza ta ci mana lokaci mai yawa. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce cutar Alzheimer ce, kuma ta bambanta da mantuwar tsufa. Tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, tana farawa da sashen da ke ajiye sabon abu. Shi ya sa Inna ke iya lissafa ƙawayenta na ƙuruciya, amma inda ta ɓoye kuɗi ɗazu ya shafe. In ta nema ta rasa, a wajenta sata aka yi, kuma ba ƙarya take yi ba. Wanda ya fi kusa da ita, mai wanke ta, mai ciyar da ita, shi zargin ke fara samu. Ko matar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana cutarta a 1906, Auguste Deter, cikin alamominta na farko har da zargin mijinta.

Da Auta ta zauna gaban likitan ne na ji abin da ya kamata in tambaya tun tuni. Daga Magariba Inna ke rikicewa, ta ɗaura ɗankwali ta ce za ta tafi gidansu, gidan da aka rushe tun muna yara. Auta a bakin ƙofa take kwana don kada Inna ta fice. Ta daina zuwa Islamiyya, ta daina sana'arta ta ɗinki, ta daina zuwa biki da suna. Hawan jini ya kama ta ba wanda ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane sama da miliyan 55 ke fama da irin wannan gushewar tunani, kuma kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyarsu mata ne ke ɗauka. A gidanmu kashi 100 ne, kuma mace ɗaya.

Na je na durƙusa na ba Auta haƙuri, sannan na tara waɗanda na yi maganar a gabansu na janye ta. Ta ce ta yafe. Amma har yau duk kwabon da ta kashe sai ta rubuta a littafi ta nuna mini, ko ban tambaya ba, kuma na san ni na jawo.

Maganin warkewa babu. Akwai ƙwayoyin da ke ɗan sassauta alamomin ga wasu, sauran aikin na mutane ne. Muka raba kwana tsakaninmu, har da mu mazan da matanmu. Muka ɗauki wata dattijuwa tana zama da Inna da rana. Muka daina ɓoyewa: maƙwabta, mai shago da masu Keke Napep na bakin layi duk sun sani, in sun gan ta a waje za su dawo da ita cikin mutunci. Liman ya kwantar wa Auta da hankali cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da lissafin raka'a, don haka ta daina wahalar gyara mata sallah.

Inna ba ta bar cewa an yi mata sata ba. Yanzu ba ma musu da ita. Mukan ce, "Ayya Inna, bari mu duba tare," a nemo jakarta da muke barin 'yan canji a ciki, ta ƙirga, hankalinta ya kwanta. Auta ta koma ɗinki, kuma duk ranar da za a kai Inna ganin likita, ni nake kai su, a auna jinin Auta ita ma.