“Za Mu Neme Ka”: Labarin Wani Mai Neman Aiki Daga Sintali

A unguwar Sintali, cikin garin Jalingo, akwai wani saurayi wanda in aka ce a nuna mutumin da ya haddace ladabin neman aiki, to, shi za a nuna. Ba kuwa a jami'a ya koyi wannan ladabi ba. A zaure ya koye shi, daga bakin ƙanen mahaifinsa, wani dattijo tsohon akawun gwamnati, wanda yaran gidan ke kira Bappa kamar yadda aka saba a ƙasar Muri.

Shi wannan dattijo an ɗauke shi aiki ne jim kaɗan bayan kafa Jihar Gongola cikin 1976, tun Jalingo tana ƙarƙashin Yola, watau shekara 15 kafin a yanke Jihar Taraba ran 27 ga Agusta, 1991. Har yau takardar da aka aiko masa ta gidan waya tana nan cikin akwatinsa, ta yi ja saboda tsufa. Yakan ce a zamaninsu wanda aka ɗauka takarda za ta iske shi, wanda ba a ɗauka ba shi ma takarda za ta iske shi, ta ba shi haƙuri, kowa ya san inda ya kwana.

Saurayin ya shiga wata jami'ar tarayya cikin 2017 don karatun shekara huɗu, amma sai da ya ci shekara shida, domin malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata 9 cikin 2020, suka kuma yi na wata 8 cikin 2022. Da ya gama ya tafi hidimar ƙasa, ya dawo gida yana da shekara 29, ba shi da komai sai takardun shaida da kwarjinin digiri. Ya rubuta takardun neman aiki har ya daina ƙirgawa.

Ran nan, wata Talata da magariba cikin watan Oktoba na 2024, sai saƙo ya faɗo wayarsa daga wani kamfani a Abuja, cewa ana nemansa ganawa, abin da aka fi sani da intabiyu, ran Alhamis da ƙarfe takwas na safe. Bayan sallar isha'i Bappa ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya kira shi.

“Zauna nan, ɗana,” in ji shi. “In an ce maka ƙarfe takwas, to, bakwai ta yi maka a bakin ƙofa. Ka sa tufa mai tsabta wadda ta sha guga, ba sai mai tsada ba, kada kuma ka yi wanka da turare. Takardunka na asali su zauna fayil guda, kwafinsu fayil guda, don kada a tambaye ka ka tsaya lalube. Ka gai da maigadi kamar yadda za ka gai da manaja. In ka shiga ka yi gaisuwa, kada ka zauna sai an ba ka izini, kada ka riga babba miƙa hannu, kada ka katse mai magana. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ya fi ka yi ta kame-kame. Sa'an nan ka san sana'ar mutanen da kake neman aikinsu, gama ba a zuwa neman aure a tambayi sunan yarinya a zaure.”

Duk waɗannan ba su yi wa saurayin wuya ba, don da su ya tashi. Abu biyu ne suka tsaya masa a wuya. Na farko, an hore shi tun yana ƙarami cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, ga shi kuwa a ofis wanda ya sunkuyar da kai cewa ake ba shi da gaskiya ko ba shi da kuzari. Na biyu, a gidansu yabon kai abin kunya ne, alhali kuwa tambayar farko a irin wannan zama ita ce mutum ya ba da labarin kansa da abin da ya iya. Bappa ya ce masa faɗin abin da ka iya ba alfahari ba ne, alfahari shi ne faɗin abin da ba ka iya ba. Suka yi ta gwaji har dare ya raba, dattijon ya zama shugaban ganawa, yana ɗaure fuska yana jefo tambayoyi.

Saura kuɗin mota, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu na 2023. Yayarsa, wadda yake kira Adda, ita ce ta je wurin uwar adashi da asuba ta roƙi a ba ta ɗibar da ba tata ba tukuna, ta damƙa masa, ta ce, “In ka fara ɗaukar albashi ka biya ni.” Tafiyar ma ba ta zo da sauƙi ba. Gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta karye cikin daminar shekarar, saboda haka sai da fasinjoji suka sauka aka haye da su cikin kwalekwale, shi kuwa ya ɗora fayil a ka, ya fi jin tsoron takardu su jiƙe bisa ga ransa. Daga nan aka bi ta Wukari da Makurɗi da Lafiya da Keffi, bai isa Mararraba ba sai tsakar dare, ya kwana a ɗakin wani abokin karatunsa.

Ƙarfe bakwai ta yi masa a bakin ƙofa, kamar yadda aka umurce shi. Ya tarar da mutane sun fi ɗari biyu, maza da mata, har da mai goyo. Ba benci, ba rumfa, ba ruwan sha, ba kuma wanda ya fito ya ce musu ga abin da ake ciki. Takwas ta wuce, hantsi ya dubi ludayi, rana ta take tsaka, gugar da aka sha wahala a kanta ta narke cikin gumi. Masu ganawar ba su iso ba sai bayan azahar. Kafin nan kuwa, jefi-jefi sai a ga mota ta tsaya, wani ya fito riƙe da ɗan kati, maigadi ya buɗe masa ƙaramar ƙofa ya shige, ba layi ba tambaya.

Gab da la'asar sakaliya aka kira sunansa. Mutum uku ne zaune bayan tebur. Ya yi gaisuwa, ɗaya ne kaɗai ya amsa, shi ma da ka. Ya tsaya yana jiran izinin zama, har sai da wani ya ɗaga ido daga wayarsa ya ce, “Tsayuwar me kake yi?” Tambaya uku aka yi masa: ɗan wace jiha ne, shekarunsa nawa, wa kuma ya turo shi. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba wanda ya turo ni, sanarwarku na gani.” Suka dubi juna. Ɗaya ya raɗa wa na kusa da shi cewa ai ba a ɗaukar wanda ya haura 27, sharaɗin da ko kusa ba ya cikin sanarwar. Na ukun ya ce, “To, madalla, za mu neme ka.” Zaman duka bai kai minti biyar ba, fayil kuwa yadda ya shiga da shi a ɗaure haka ya fito da shi.

Mai karatu zai yi tsammani daga nan ya fid da rai. Ina! Mai nema ba ya rabuwa da tsammani. Mako shida ya yi bai yarda wayarsa ta mutu ba, in an ɗauke wuta ya kai ta wurin masu caji ya biya, ya zauna gefe yana gadi. Wani aikin wucin gadi ya samu a Zing, ya ƙi tafiya, don kada a neme shi yana nesa. Ba a neme shi ba har yau.

Abin da ya sami wannan saurayi ba baƙon abu ba ne a Nijeriya, kuma ba jiya aka fara ba. Ran Asabar 15 ga Maris, 2014, Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki fiye da 500,000 a filayen wasa da sauran wurare a faɗin ƙasa, kowannensu ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasu, wasunsu riƙe da fayil irin nasa. Ba kuma don babu doka ba ne. Tun 1996 aka kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, ƙa'idarta kuwa ita ce ma'aikatar tarayya da za ta ɗauki mutane ta buga sanarwa a jaridun ƙasa aƙalla biyu, ta ba da wa'adin mako shida. Amma cikin 2023, da Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Yusuf Gagdi don bin diddigin cinikin guraben aiki, sai ta bayyana cewa hukumomi da dama sukan nemi a ɗauke musu wajibcin sanarwar, su ɗebi mutane a ɓoye. Har wani tsohon jami'in ita hukumar ta raba daidai ya amsa a gaban kwamitin cewa ya karɓi kuɗi daga hannun masu neman aiki. In gwamnati mai doka a rubuce ta yi haka, ina ga kamfanin da ba mai leƙa littafinsa?

Gaskiyar magana ita ce, ladabin ganawa kaya ne mai kunne biyu, amma an bar wa mai nema shi kaɗai yana ja. Kowa na koya wa yaro yadda zai shiga ofis, ba mai koya wa na cikin ofis yadda zai karɓi yaro. Alhali kuwa haƙƙi uku ne a wuyan mai ɗaukar aiki, ba kuma wanda zai ci masa kuɗin kirki. Na farko lokaci: wanda ya sa wa mutum ƙarfe takwas, shi ma takwas ta hau kansa, in kuwa jama'a sun yi yawa sai a raba musu sa'o'i. Na biyu gaskiya: a faɗi sharuɗɗa da albashi tun cikin sanarwa, in kuma an riga an ba da gurbin, kada a taso bayin Allah daga Jalingo ko Gembu don a cika takarda kawai. Na uku amsa: a zamanin da saƙo guda ke isa ga mutum dubu cikin ƙiftawar ido, ba wani uzuri ga wanda ya ce zai nema ya yi shiru. Alkawari kaya ne. Ba kowa za a ba aiki ba, wannan sananne ne, amma kowa ana iya ba shi amsa.

Cikin kwanakin jiran nan ne wata baƙuwar lamba ta kira saurayin. Mai maganar ya san sunansa, ya san abin da ya karanta, ya ce akwai gurbi a wata ma'aikata in zai kawo naira miliyan ɗaya da rabi. Da labari ya kai kunnen Inna, sai ta ce a sayar da filin da mahaifinsa ya bari, tun da dai don su aka bar shi. Kwana uku saurayin bai yi barcin kirki ba, gama zuciya ta raya masa cewa kowa ma haka yake yi. Bappa bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Ɗana, wanda ya sayi kujera, sai ya sayar da wani abu a kanta kafin ya mai da kuɗinsa. Me za ka sayar?” Ban da wannan kuma, saurayin ya tuna da wani abokinsa da ya biya irin wannan kuɗi, aka ba shi takardar kama aiki, ya je da ita aka ce ta jabu ce. Tsoron Allah da tsoron asara suka haɗu, fili ya tsira.

Daga bisani ya sami koyarwa a wata 'yar makaranta mai zaman kanta a nan Jalingo, albashin bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu cikin Yuli na 2024 ba, amma da shi yake rage bashin Adda kaɗan-kaɗan. Da shekara ta kewayo, makarantar ta bukaci ƙarin malamai biyu, mutum 23 suka nema, mai makarantar ta ce ya zauna tare da ita su gana da su. Ya ce, “Hajiya, ina da roƙo.” Ya roƙi a fito da bencina a sa a inuwa, a ajiye randar ruwa, a raba mutane kashi uku kowane da sa'arsa, a kuma gaya musu albashin tun kafin su zauna. Ta yarda. Kowa ya shigo, shi ne mai fara cewa, “Bismilla, zauna,” kuma ba fayil ɗin da ya fita bai buɗe ba.

Da aka zaɓi biyu, sai ya sayi kati da kuɗinsa, ya zauna da daddare ya kira sauran 21 ɗaya bayan ɗaya, yana gaya musu ba su samu ba, yana ba su haƙuri. Wani ya kashe waya bai ce uffan ba. Wani kuwa ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya rage murya ya ce, “Malam, na gane. Nawa zan kawo?” Sai da ya maimaita masa sau uku cewa ba kuɗi ake nema ba, kiran na sanarwa ne kurum, kafin ya yarda. Wata kuma ta ce, “Na gode, Malam. Dama an yi mini tayin wani wuri ina ta jan ƙafa saboda ku. Gobe sai in je da zuciya ɗaya.”

Bappa yana zaure yana jin duk abin da ake yi. Da aka gama ya yi shiru wani lokaci, kana ya ce, “Wannan shi ne rabin karatun da ban biya maka ba, don ban zaci za a wayi gari a ce sai an koya wa mutane shi ba.”

Har yanzu saurayin bai daina nema ba. Fayil ɗinsa na nan a ɗaure cikin akwati, kaftani a goge, in an kira shi gobe bakwai za ta yi masa a bakin ƙofa. Allah Ya buɗa wa masu nema, Ya kuma sa waɗanda ke bayan tebur su tuna cewa su ma wata rana a bakin ƙofa suka tsaya, amin.