Ɗan Wa Ke Zaune a Ƙasa?

Tun da makarantun kuɗi suka fara tsirowa a kowane lungu na Doma nake cin wata magana a raina. Makaranta ba ta gyaruwa sai ɗan mai faɗa a ji yana zaune a cikinta. Na daɗe a duniya, na daɗe da alli a hannu, ban ga abin da ya ƙaryata wannan ba.

Waɗanda suka ga 1976 sun san abin da nake faɗa. A shekarar gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a shekarar kuma aka raba Binuwai da Filato. Yara suka yi ambaliya, azuzuwa suka kasa, muka koma gindin mangwaro. Amma a gindin mangwaron nan ɗan hakimi da ɗan mai noman doya tabarma ɗaya suke zama, ɗan Alago, ɗan Bahaushe, ɗan Tibi. Akwai wata damina da iska ta yaye kwanon wani aji da nake koyarwa. Kafin hedimasta ya gama rubuta takardar koke, kafinta ya iso da kusoshinsa, domin 'yar wani babban ma'aikaci tana ajin, ta koma gida da littafi jiƙe. Yau kwano zai yaye, a yi damina uku ana kallon sama, saboda ba wanda littafinsa ke jiƙewa sai ɗan wanda ba a jin muryarsa.

Ba na cewa zamaninmu adalci ne zalla. Kwalejin Gwamnati ta Keffi tana nan tun 1949, amma 'ya'yan talakawa nawa ne daga nan suka taka ƙofarta? 'Yan mata masu kaifin ƙwaƙwalwa an cire su daga aji biyar an kai su ɗakin miji. Ɗan Fulanin ruga kuwa ba a tuna da shi ba sai 1989, da aka kafa hukumar ilimin makiyaya.

Duk da haka na yanzu ya fi ci mini rai, domin yanzu akwai abin, hannu ne ba ya kaiwa. Mun samu jiha a 1996, hedikwatarta Lafiya ga ta nan kusa. Ga jami'ar jiha a Keffi, ga ta tarayya a Lafiya tun 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a nan Doma. To, ƙofar jami'a jarrabawar JAMB ce, kuma tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Yaron da ya taso a ƙauyukan Rukubi, wanda rikicin manoma da makiyaya ya sha rufe masa makaranta, bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. A zaunar da shi gefen wanda ya girma da ita a ɗakinsa, sannan a ce an yi gasa? Idan ya faɗi a ce ba shi da ƙoƙari.

Manya sun kai 'ya'yansu Abuja da Jos, wasu har Ingila. Malamin firamaren gwamnati ma ya cire nasa, kuma ba na ganin laifinsa, tunda ya ga shekarun da ake biyansa albashi gutsi-gutsi. Talaka ya ga haka, ya sayar da buhun riɗi ya kai ɗansa wani gida mai ɗaki biyu da aka liƙa wa suna, ga malamar da ita kanta ba ta gama koyo ba. Sai bikin yaye 'yan nazare, da riga da hula da kuɗin hoto, alhali yaron bai iya rubuta sunansa ba. An cuci wannan bawan Allah sau biyu.

Kwanan baya wani ɗan ƙanina ya ce, "Baba, ina zan sa yaron nan?" Ni da nake cewa a dawo firamaren gwamnati, na ce masa ya kai shi inda ake karatu in yana da hali, domin ba a gwaji da ɗan mutum. Amma na ce ya riƙa zuwa taron iyaye a firamaren unguwarsu ko ba ɗansa a ciki. Kuma duk ɗan takarar da ya zo gaishe da Andoma, sarkin Doma, ya biyo ta ƙofarsu neman ƙuri'a, ya tsayar da shi a gaban jama'a ya tambaye shi sunan makarantar da 'ya'yansa suke.