Daren Juma'a a Cibarakaten

A Cibarakaten, can arewacin jihar Agadas kusa da iyakar Aljeriya, Asabar da Lahadi hutun ma'aikatan gomnati ne. Mai haƙar zinariya Juma'a yake hutawa. Da hantsi zai wanke tufafinsa da ruwan da ya saya, don a nan da mota ake kawo ruwa daga nesa. In an sauko daga masallaci ya yi aski, ya kira gida, ya aika ɗan abin da ya samu. Da dare kuma a taru rumfar mai shayi, a tada inji, a kalli ƙwallo ko kokowa ko wasan Kano.

Wani dare sai wani saurayi ɗan Damagaram ya sa wani fim dabam, irin wanda ba wasa ba ne, mutanen gaske ke magana a ciki. Shi ne «La Colère dans le vent», wato fushi cikin iska, wanda Amina Weira ta yi a shekarar 2016. 'Yar Arlit ce, mahaifinta tsohon ma'aikacin ma'adinin iraniyom. Ta nuna ƙurar da iska ke kwasowa zuwa cikin gari, da ƙarafan da suka fito daga wurin aikin ana ƙera tukwane da su, da tsofaffin ma'aikata suna lissafa cututtukansu.

Da fim ya ƙare, gardama ta tashi. Wani mai rami ya ce wannan tonon asiri ne. A ganinsa Turawa ke biyan kuɗin irin waɗannan finafinai, su ne kuma ke kallonsu, talaka bai samun komi sai kunya. Ya tuna musu da Jado: an gano zinariya a 2014, labari ya cika duniya, a 2017 gomnati ta rufe wurin, dubban mutane suka watse. Ranar da mai ɗaukar hoto ya iso nan, in ji shi, kowa ya ɗaure kayansa.

Maganarsa ba ta banza ba ce. Da yawa cikin masu sauraro daga Jado suka zo, kuma kowanensu akwai bakunan da yake ciyarwa a gida.

Saurayin ya ce a unguwarsu ma an yi wannan tsoro lokacin da Aisha Macky ta ɗauki fim ɗin «Zinder», wanda ya fito a 2021, kan matasan Kara-Kara. Amma ita 'yar garin ce, kuma a karon farko an ji su da bakinsu, ba ta bakin 'yan sanda ba.

Sai wani dattijo, wanda ya yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa a Arlit kafin ya zo nan, ya aje kofinsa.

«Ɗana,» ya ce wa mai ramin, «tun 1971 ake fitar da iraniyom a Arlit. Shekara 45 kafin 'yarmu ta ɗauki wannan hoto. Da yawa waɗanda suka cancanci su yi magana a ciki sun riga mu gidan gaskiya.»

«To, Baba, fim ya warkar da wani?»

«Bai warkar ba. Amma gobe ba mai cewa ba a yi ba.»

Gaskiyar dattijon ta fi nauyi. Rufe Jado daga hukuma ya zo, ba daga majigi ba. A Cibarakaten kuwa tun 2014 ake shaƙar ƙurar dutse, ramuka na ruftawa, kuma wanda tari ya kama gida yake komawa, babu takardar da ta san ya taɓa aiki a nan. Abin da ya kamata masu haƙa su nema shi ne wanda zai ɗauki hoton ya zama nasu, ya yi magana da harshensu, kuma su fara gani kafin a kai Paris.

Aka kashe inji wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Da asuba saurayin ya ɗaure rawani a hanci, ya kama igiya ya sauka rami, wayarsa na cikin aljihu.