Hunturun da Na Raka Abokina Bodh Gaya

A Delhi muka haɗa ɗaki, ni da wani ɗan Siri Lanka mai bin addinin Buddha. "Macan" yake ce mini, yadda samarinsu ke kiran aboki, har bakina ya kama. Muna shekara ta biyu a karatu mahaifinsa ya rasu a Kandy. Ya je ya dawo, amma barci bai dawo tare da shi ba. In na tashi sallar asuba sai in tarar da shi ya tanƙwashe ƙafa a kan bargo, ido a rufe, goshi na naso duk da sanyin da ake yi.

Ya tara malamai a wayarsa kamar me. Wani ya ce ya sa hankalinsa a ƙofar hanci, ya bi shigar numfashi da fitarsa. Masu bin tsarin Mahasi Sayadaw na Bama suka ce a'a, ciki zai lura da shi, yadda yake tasowa yana sauka. Na dazukan Tailan suka ce ya riƙa maimaita "Buddho" a zuci. Yau ya kama wannan, gobe wancan, yana ta tsawaita zama, ƙirjinsa na daɗa ƙuntata, har ya fara jin tsoron numfashinsa. Ni a lokacin na ɗauka wata dabara ce ta gagare shi, irin yadda lissafi ke gagarar mutum.

A Disambar 2013 ya ce zai je Bodh Gaya, a jihar Bihar, inda suka yi imani Buddha ya sami wayewa a gindin wata bishiya, ko zai dace da malamin da zai zauna a gabansa. Ya ce in raka shi. Gabana ya faɗi. A ranar 7 ga Yulin shekarar bama-bamai suka tashi a harabar wurin bautar Mahabodhi da sassafe, limamansu biyu suka ji rauni, jaridu kuma na ta cewa ramuwa ce kan abin da ake yi wa Musulmin Rohingya. Ga ni baƙi, ga gemu, ga Muhammadu a fasfo. Amma ta yaya zan ce a'a ga wanda ke ajiye mini abinci da azumi?

Muka kwana a jirgin ƙasa zuwa Gaya. A ƙofar shiga na cusa hulata a jaka. Ɗan sandan da ke laluben mutane ya zaro carbina daga aljihu, ni kuma bakina ya bushe ƙayau. Ya jujjuya shi, ya miƙo mini da hannu biyu har da ɗan rusunawa. Ashe su ma suna jan nasu mai ƙwaya 108, shi kuwa bai tsaya ƙirga 99 ɗina ba. Abin da suka karɓe shi ne wayoyi, don tun bayan harin aka hana shiga da su. Haka malaman abokina duka suka zauna a akwatin ajiya.

Ciki kuwa, ƙamshin turare da na furanni, dutse mai sanyi a tafin ƙafa, da hasumiya mai tsayin kusan mita 55. 'Yan Tibet na zubewa a kan allunan katako suna miƙewa, sun sa tsumma a tafin hannu, katakon har ya yi sulɓi. Bishiyar dangin cediya ce. In ganye ɗaya ya faɗo, sai ka ga dattijan da suka yi tsit kamar ba sa duniya sun yi wuf sun cafke.

Wani tsohon limami ɗan ƙasarsu muka samu a gefe, ya lulluɓa da mayafi ruwan goro, da safa a ƙafa, yana tari. Abokina ya durƙusa ya ce, "Bhante," yadda suke kiran limamansu, ya fara zayyana hanci da ciki da sunayen littattafai. Daga baya ya fassara mini abin da ya gudana. Tsohon bai tanka ko ɗaya ba. Ya tambaye shi awa nawa yake barci, me yake ci, yaushe rabonsa da jin muryar mahaifiyarsa. Sannan ya ce wa ya rasu.

Ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin na ranar ba. Na juya baya ina kallon tsuntsaye.

A al'adarsu ana ciyar da limamai a kwana na bakwai da rasuwa, da wata na uku, da cikar shekara, a tura ladan ga mamaci, kusan yadda muke sadakar bakwai da ta arba'in. Ta wata ukun ta same shi a ɗakin jarrabawa, bai kuma gaya wa kowa ba, har ni da muke kwana ɗaki ɗaya. Tsohon ya ce ya yi ta gobe. Ya ce ya bar dogon zama, ya riƙa tafiya a hankali yana lura da tafin ƙafarsa, ya zaɓi hanya ɗaya ya riƙe, kaɗan amma kullum. Ya nuna ni da haɓa ya tambayi ko ni wane ne. Da ya ji Musulmi ne mai tashi kafin alfijir, sai ya ce to ga mai tashinsa nan, ba sai ya sayi agogo ba.

Washegari ni na yi cinikin shinkafa da ayaba, ni na ɗauko tukunya har bakin ƙofa, na tsaya a nan, don iyakata ke nan. Daga inda nake ina hango shi yana tsiyaya ruwa daga buta cikin ƙaramin kofi har ya cika ya malala a faranti, limamai na karatu da harshen Pali.

Har muka gama makaranta ni nake taɓa ƙafarsa in na tashi alwala. Hajiyata kam sai da na dawo gida na gaya mata inda na je. Ta yi salati, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To a can ɗin a ina ka riƙa yin salla?" Na ce a masauki, a kan bargon abokina. Ta ce in ya kira in gaishe shi, in yi masa gaisuwar babansa.